Gini Da Muhalli: Gidan da ba ya cin wuta zai yiwu a Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu fili a bayan Ƙofar Ƙaura, zan gina wa iyalina ɗaki uku da falo. Ƙanena da ke karatu a Jamus ya ce suna da gidajen da kusan ba sa cin wutar lantarki. Anya zai yiwu a nan? Daga wani malamin makaranta, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a filin. Ƙanenka gaskiya ya faɗa. Passivhaus suke kiran tsarin. A birnin Darmstadt na Jamus aka gina na farko a 1991, bisa binciken Dokta Wolfgang Feist, kuma ƙa'idarsu ita ce ɗumama gida kada ya ci fiye da kilowat-awa 15, wato yunit 15 na wuta, a kowane murabba'in mita a shekara. Sai dai su sanyi suke gudu, mu kuwa bazara, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40.

Don haka ka fara da rufi, nan zafin ya fi shigowa. Yana yi mini ciwo in ga magidanci ya ƙarar da kuɗinsa a tayil, sannan ya ɗora baƙin kwano. Sa mai haske, ka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, ka bar kafofin da iska za ta ratsa tsakanin kwanon da silin. Bakin kwanon ya zarce bango sosai don ya yi masa inuwa. Manyan tagogi su dubi arewa da kudu. Yamma ka bar wa bayi da sito, ka dasa bedi a wajen.

Bango kuwa, kada ka raina ƙasa. A soron kakana na Daura na tashi, tubali da azara, kuma ko da azahar sai ka ji ɗakin kamar cikin randa. Hasumiyar Gobarau ma da ƙasa aka gina ta. Bango mai kauri yana shanye zafin rana, sai dare ya sake shi, shi ya sa za ka buɗe tagogi bayan isha'i, ka rufe da hantsi. Harsashin dai a yi shi da dutse da siminti saboda damina.

Abu ɗaya ne ban yarda ka kwaikwaya ba tukuna. Su Jamusawa toshe gida suke yi ruf, inji na shigo da iska dare da rana. In ba ka da sola mai batir, kada ka soma, yara za su wahala in an ɗauke wuta. Fanka ma za ka buƙace ta a Afrilu da Mayu.

Kafin magini ya haƙa harsashi, aiko mini da zanen filin da inda ƙofarsa ta fuskanta, in duba maka.