Shin Birkin ABS Yana Sa Mota Ta Tsaya Da Wuri?

Tambaya: Na sayi mota mai birkin ABS, kuma wanda ya sayar mini ya ce za ta fi tsohuwar motata saurin tsayawa a kan kowace irin hanya, amma wani tsohon direba ya musanta haka. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Malam, direban ya fi kusa da gaskiya. An ƙera ABS ne domin ya hana tayoyi cijewa idan aka taka birki da ƙarfi, saboda tayar da ta daina juyawa zamewa kawai take yi, kuma duk yadda direba ya murɗa sitiyari, motar ba za ta bi shi ba. Akwai na'urar da ke auna juyawar tayoyin, kuma da zarar kwamfutar motar ta ga wata taya tana shirin cijewa, sai ta sassauta matsin man birki a kanta, ta sake kama ta, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus sun fito da irin wannan birki a motar S-Class a 1978.

A kan kwalta, musamman wadda ruwan sama ya jiƙa, yawanci ABS yana rage tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya. A kan tsakuwa, ko yashi, ko dusar ƙanƙara mai laushi kuwa, sau da yawa tazarar ƙaruwa take yi, domin tayar da ta cije tana tona ƙasa ta tara tudu a gabanta, tudun kuma ya tokare ta, abin da ABS ba ya bari ya faru. Duk da haka ni na fi son motar da ke jin sitiyari, ko da za ta ɗan ƙara gaba, domin da ita ake iya kauce wa mutum ko rami.

Abin da ke damuna shi ne direbobin da ke ƙara gudu don sun dogara da ABS. Idan ka ninka gudunka, tazarar birki takan ninku kusan sau huɗu, kuma tayoyin da suka cinye ba su da abin kama hanya, komai kyawun birkin.

Idan haɗari ya taso, ka taka birkin da ƙarfi, kada ka ɗaga ƙafa ko da ka ji yana karkarwa, domin alamar yana aiki ke nan. Idan kuma fitilar ABS ta ƙi mutuwa bayan ka tayar da mota, ka kai ta wurin makanike ya duba.