Mantarar sirri ta mabiya Tantra: me ake ɓoyewa alhali tana cikin littattafai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sha gani a finafinan Indiya tsoho yana raɗa wa almajirinsa wata magana a kunne, a ce ya ba shi mantara ta sirri. Kwanan nan kuma na ga wasu suna tallar irinta a intanet. In sirri ce, yaya aka yi kowa ke iya karanta ta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Mantara kalmomi ne ko sautuka da ake maimaitawa a ibada. A wurin mabiya Tantra, wata hanyar ibada a addinan Indiya, ba haruffan ne abin da ake ɓoyewa ba. Sun yi imani cewa mantarar da mutum ya tsinta a littafi matacciya ce, sai ta fito daga bakin guru, wato malamin da shi ma ya karɓa daga nasa malamin, sannan take da rai. Wannan silsila suna kiranta parampara, bikin karɓar kuwa diksha. Wanda ya san yadda ake neman izinin wuridi a ɗariƙa zai gane tsarin da sauri, ko da yake aƙidar ta sha bamban ƙwarai: a wurinsu mantara ita ce jikin abin bautar a siffar sauti.

Shi ya sa mantarori da yawa ba su da ma'anar da za a fassara. Gaɓoɓi ne irin su hrim, shrim, klim, waɗanda ake kira bija, ma'ana iri na shuka. A ɗariƙar Shri Vidya, mai ƙarfi a kudancin Indiya, ana bauta wa wata allahiya mai suna Lalita Tripurasundari da mantara mai gaɓa 15, akwai kuma mai gaɓa 16 da ba a bai wa kowa sai wanda ya yi nisa. Tsofaffin littattafansu ma ba sa rubuta ta kai tsaye. Sai su sakaya ta, su ce "wuta" a madadin harafin ra, ko "Shiva", sunan wani abin bautarsu, a madadin ha, ta yadda sai mai malami ne zai warware. Abhinavagupta, babban malamin Kashmir da ya rayu wajejen shekara ta 1000 miladiyya, ya ware babi-babi a littafinsa Tantraloka kan ire-iren diksha kaɗai, don a ganinsa ita ce ke tsinke igiyoyin da suka ɗaure ruhi.

Raɗar da ka gani a fim ƙarshen doguwar tafiya ce. Guru yakan gwada almajiri tsawon lokaci, shi ma almajiri an umarce shi ya bincika malamin kafin ya miƙa wuya. Bayan karɓa kuma sai aiki: a ja carbi mai ƙwaya 108 kullum, a kuma yi abin da suke kira purashcarana, wanda bisa ƙa'idar da ta fi yaɗuwa ake maimaita mantarar sau 100,000 kan kowace gaɓa, a biyo da hadayar wuta. Mai gaɓa 15 ke nan sau miliyan ɗaya da rabi. Don haka masu tallar intanet, a ma'aunin addinin da suke jingina kansu da shi, fanko suke sayarwa, kuma abin yana damuna don masu neman mafita cikin ƙunci ne suka fi faɗawa hannunsu.

Akwai labarin da nake so ka riƙe, daga masu bautar Vishnu, ɗaya daga cikin allolin Hindu, na yankin Tamil da ke kudancin Indiya, waɗanda ibadarsu ta ginu a kan Pancaratra, wani reshe mai tsari irin na Tantra. Suna ba da labarin cewa Ramanuja, malaminsu na ƙarni na 11 zuwa na 12, ya yi tattaki sau 18 daga garin Srirangam zuwa garin Tirukoshtiyur kafin malaminsa ya yarda ya ba shi sirrin, da gargaɗin cewa in ya tona, wuta ce makomarsa. Yana karɓa ya hau hasumiyar ɗakin bauta ya shelanta wa jama'a. Da malamin ya tuhume shi, ya amsa cewa ya yarda ya shiga wuta shi kaɗai in dai dubbai za su tsira. Aka ce malamin ya rungume shi.

Yau ko yaro a can ya haddace mantarar nan da aka ce Ramanuja ya shelanta, mai gaɓa 8, Om namo Narayanaya. Duk da haka mabiya Ramanuja har yanzu sukan je gaban malami a yi musu bikin da suke kira samashrayanam: a ɗumama tambarin ƙarfe mai siffar dodon koɗi da na faifan Vishnu a manna musu a kafaɗu, a ba su sabon suna, sannan a faɗa musu mantarar a kunne.