Zama a motar gida da tsallaka iyakar Meziko a lokacin sanyi: me ya kamata mu sani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban babbar mota ne a jihar Ohio ta Amurka, shekarata 62, kuma ina shirin ajiye aiki. 'Ya'ya sun kama gabansu, sanyin nan kuma ya fara taɓa mini gwiwoyi. Ni da Hajiya muna tunanin mu saki gidan haya mu sayi motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki, wadda suke kira RV, mu riƙa yin hunturu a kudu. Na ji ana cewa daga Arizona mutum kan taka da ƙafa ya shiga Meziko a gyara masa haƙori, ya sayi magani da araha, ya dawo a ranar. Ni ina da fasfon Amurka, Hajiya girin kad gare ta, wato katin izinin zama na dindindin, ƙanwarta kuma za ta zo mana ziyara daga Kano. Wannan shiri zai yiwu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu, kuma dubban mutane sun daɗe suna yi. Amma bari in fara da inda na fi damuwa, domin yawancin masu wannan shiri kan ɓata watanni suna zaɓen mota, ba su ba takardunsu ko awa ɗaya ba. Shiga Meziko da ƙafa ba shi da wuya. Dawowa ita ce magana, kuma ku ukun nan kowa da matsayinsa a gaban jami'in da ke bakin ƙofa.

Kai naka mai sauƙi ne. Tun 1 ga Yuni 2009 ɗan Amurka da zai dawo ta ƙasa daga Meziko ko Kanada sai ya nuna fasfo, ko ƙaramin katin fasfo, ko wata takarda da aka amince da ita irin wannan. Lasisin tuƙi na yau da kullum ba ya wadatarwa. Hajiya za ta riƙe abu biyu: girin kad ɗinta da bai ƙare ba, da fasfonta na Najeriya mai rai. Meziko ba ta neman biza daga wanda yake da izinin zama na dindindin a Amurka, amma fasfon tana nemansa. Idan akwai wata tsohuwar shari'a a kanta, ko da ta shekaru goma ce kuma an riga an rufe, kada ta taka ƙafa waje sai ta ga lauyan shige da fice, saboda a wurin dawowa ne ake tono irin waɗannan abubuwa. Haka wanda yake jiran amsar neman mafaka ko sauya matsayi: fita ba tare da izinin dawowa na musamman ba tana iya kashe takardar da ya shigar, ko da awa biyu ya yi yana cin kifi a ƙetare.

Ƙanwar Hajiya kuwa, shawarata ta zauna a wannan gefen. A watan Yuli 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, mai wata uku, kuma ƙa'idojin da suka shafi ƙasashenmu sai ƙara tsanani suke yi. Akwai wasu sassauci a doka ga gajeriyar tafiya zuwa Meziko, amma suna da sharuɗɗa, kuma jami'in da ke bakin ƙofa ne mai yanke hukunci a ranar. Tabarau mai araha bai kai a bar baƙuwa ita kaɗai a ƙasar da ba ta jin harshenta ba.

Wurin da aka ba ka labari kusan tabbas Los Algodones ne, wani ƙaramin gari a jihar Baja California, kimanin mil goma yamma da birnin Yuma na jihar Arizona. Za ka bi babbar hanya mai lamba 8, ka haye kogin Colorado ka shiga Kalifoniya, ka sauka zuwa ƙofar Andrade. Dab da shingen akwai ƙaton filin ajiye motoci na ƙabilar Quechan, waɗanda ƙasarsu ce wurin. Ka biya, ka kulle mota, ka bi ayari. Cikin 'yan mintuna kana tsakiyar garin, inda ɗaruruwan likitocin haƙori da shagunan magani da na tabarau suka cushe a tituna kaɗan. Masu kiran kwastoma za su tare ka tun daga bakin ƙofa da Turanci, kowa yana miƙo maka katin asibitinsa. Da dalar Amurka ake ciniki. Mutanen Teksas su ma suna da nasu, Nuevo Progreso, wanda ake shiga ta gada a kan kogin Rio Grande.

Ka je da sassafe. A watan Janairu da Fabrairu, daga azahar layin dawowa kan yi tsawo har a shafe awa ɗaya ko biyu a tsaye, kuma ƙofar Andrade ba kwana take yi a buɗe ba, don haka ka tambayi lokacin rufewa kafin ka shiga. Ka lura da agogo ma: Arizona ba ta sauya lokaci, saboda haka a hunturu Yuma tana gaban Kalifoniya da Baja da awa ɗaya. In an ba ka alƙawarin ƙarfe tara, ka tambaya na wane gefen ake nufi.

Kada ka shiga da motar gidan. Inshorar Amurka ba ta aiki a Meziko, titunan garin ƙanana ne, kuma mafi muhimmanci, motar gida rumbu ce da mutum kan manta abin da ya zuba a ciki. Bindiga, ko harsashi guda da ya faɗa ƙarƙashin kujera, laifi ne da ke kai mutum gidan yari a Meziko, kuma lasisin bindigarka na Amurka ba zai cece ka ba.

Batun haƙori, farashi yakan sauka ƙasa da rabin na Amurka, wani lokaci ƙasa sosai, kuma akwai ƙwararru na gaske. Akwai kuma masu sauri. Wanke haƙori, cike rami, tabarau, waɗannan ba su da fargaba. Inda nake so ka natsu shi ne babban aiki. Dashen haƙori na buƙatar watanni, sau da yawa uku zuwa shida, kafin ƙashi ya kama ƙarfen a ɗora kan haƙorin, wato ziyara biyu ko uku ce. Idan likita ya leƙa bakinka minti biyar ya ce sai an cire takwas yau, ka gode masa ka fita. Abin da ya fi shi ne ka fara zuwa wurin likitanka a Ohio ya ɗauki hoton haƙoran ya rubuta maka abin da ake buƙata, ka tafi da takardar. A can kuma ka nemi a rubuta maka sunan kamfanin da ya ƙera abin da aka dasa da lambarsa, domin ranar da ya motsa kana iya kasancewa mil dubu biyu daga wanda ya saka shi. Kuma ka sa aikin a farkon hunturu, Nuwamba ko Disamba, yadda in wani abu ya tashi kana nan kusa.

Magani ma haka. Na hawan jini, na suga, na ƙaiƙayi, mutane suna saye suna dawowa da shi, matuƙar na amfanin kansu ne, a kwalinsa na asali, kuma bai wuce na kimanin wata uku ba. Ka faɗa wa jami'in kwastan duk abin da ka sayo tun kafin ya tambaya sau biyu. Amma ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi da na barci ka bar su inda ka gan su. A 2023 binciken masana na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya gano ƙwayoyin jabu masu ɗauke da fentanil, wani sinadarin kashe zafi mai ƙarfi da kaɗansa ke iya kisa, a wasu shagunan magani na arewacin Meziko, har ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fitar da gargaɗi. Kayan tsaraba har na dala 800 ba a biya musu haraji, sau ɗaya a kwana 30. Ɗanyen nama da yawancin 'ya'yan itace ba sa wucewa. In yunwa ta kama ku a can, kifi da jatan lande sun fi kwanciyar hankali, amma ku tambaya game da wake da gurasarsu ta alkama, domin da kitsen alade ake yawan yin su.

Yanzu zaman motar kansa. Masu wannan rayuwa kamar 'yan cirani suke, sai dai su sanyi ne ke koro su kudu. Yuma a Janairu zafinta da rana bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba, amma a Yuli ya haura 40, don haka daga Afrilu kowa ya naɗe ya yi arewa ko ya hau tsaunuka. Kana da zaɓi biyu. Akwai filayen haya masu wuta da ruwa da magudanar banɗaki, waɗanda da yawansu na 'yan shekara 55 zuwa sama ne, wasu kuma ba sa karɓar motar da ta haura shekara goma sai sun ga hotonta. Sai kuma hamadar gwamnatin tarayya da hukumar kula da filayen gwamnati, BLM, ke kula da ita. A yawancinta kwana 14 kawai ake yarda ka yi a wuri ɗaya, amma an ware wasu yankuna na dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu: La Posa kusa da Quartzsite, mil 80 arewa da Yuma, da Imperial Dam, da Pilot Knob wanda ke dab da hanyar Andrade. An shafe shekaru da dama a baya kuɗin izinin kakar gaba ɗaya yana dala 180, na mako biyu kuma dala 40. Ka duba na bana kafin ka yi lissafi.

Araha ce, amma a hamada kai ne hukumar ruwa, kai ne kamfanin wuta. Motar tana da tanki uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na banɗaki. Mutum biyu masu alwala sau biyar da tsarki da ruwa za su ƙarar da na farkon su cika na ƙarshen da sauri fiye da yadda dillalin mota zai faɗa muku, saboda lissafinsa ba na masu buta ba ne. Ka sayi mota mai manyan tankuna ko da kicin ɗin bai burge Hajiya ba. Ka sa faranti masu ɗaukar hasken rana da batura masu kyau. Daren hamada yana da sanyi, za ku kunna hita mai gas, don haka na'urar da ke yin ƙara idan iskar guba ta taru wajibi ce, kuma kada a taɓa kunna gawayi ko murhu a ciki don ɗumi. Kafin ka biya kuɗin tsohuwar mota, ka hau rufinta, ka danna bango a kusa da tagogi. Inda ya yi laushi, ruwa ya shiga, kuma wannan ciwon ya fi lalacewar inji cin kuɗi. Tuƙi ba zan koya maka ba. Man dai ka san manyan sukan sha galan ɗaya a mil bakwai zuwa goma.

Game da salla, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya zama mazauni, don haka watanninku a Yuma cika salla za ku yi, kuma tazarar Algodones ba ta kai ta ƙasaru ba. Akwai masallaci a Yuma. In Juma'a tana da nauyi a zuciyarka, kuma na san tana da shi, wannan kaɗai dalili ne na zaɓar gefen Yuma a kan Quartzsite.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne duk wanda ya saki gida sai ya zaɓi jihar da za ta zama tasa a takarda, don lasisi da rajistar mota da inshora da zaɓe. Yawanci sukan ɗauki Teksas, Florida ko South Dakota, saboda ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na jiha kuma suna amincewa da adireshin kamfanonin tura wasiƙa. Ƙungiyar Escapees, wadda aka kafa a 1978 kuma take da cibiya a Livingston ta Teksas, ta daɗe tana wannan hidima. Amma ku akwai ƙari. Doka ta ce mai girin kad ya sanar da hukumar shige da fice sabon adireshi cikin kwana 10, kuma in Hajiya za ta nemi zama 'yar ƙasa sai ta yi wata uku a jihar da za ta shigar da takarda. Wasiƙar hukuma da ta kwana a akwati wata guda tana iya sa a rasa ranar ganawa. Da a hannuna ne, da na ce ta kammala neman zama 'yar ƙasa tukuna in lokacinta ya yi, sannan ku saki gida. Kafin nan katin ya kasance a jakarta kullum, domin akwai shingayen binciken jami'an iyaka a hanyoyin da ke fita daga Yuma, ko ba ku je Meziko ba za a iya tsayar da ku.

Sai lafiya. Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, ba ya farawa sai a shekara 65, saura maka uku, kuma inshorar da za ka saya kafin nan galibi a ɗaure take da likitocin jiha ɗaya. Ka tambaya ƙarara me za ta biya in ka kwanta a Arizona. Ko bayan ka kai 65, Medicare kusan ba ya biyan abin da aka yi a Meziko. Can daga aljihunka ne.

Don haka kada ku saki gidan bana. Ku yi hayar mota ko ku sayi ƙaramar tsohuwa, ku sauka Yuma a watan Disamba, ku yi wata guda: mako biyu a filin haya, mako biyu a hamada. Ku bar Hajiya ta yi girki a wannan kicin ɗin, ku ga yadda tankuna ke yi da ku, ku tsallaka Algodones sau ɗaya don wanke haƙori kawai ku ga layin da idonku. Kafin ku tashi daga Ohio, ku biya lauyan shige da fice na awa ɗaya ya duba takardun Hajiya da na ƙanwarta. Allah Ya sa a ajiye aiki lafiya, a gaishe da Hajiya.