Hotunan da nake ɗauka a waje suna fitowa dishi-dishi, ko kyamarar ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Mabera, nan cikin Sakkwato. Ƙanena ya kawo mani tsarabar ƙaramar kyamara, irin mai shiga aljihu. In na ɗauki yara cikin ɗaki hoto yakan fito tar, amma da na fita waje sai abin ya ɓaci. Ranar hawan sallah na tsaya kusa da fadar Sarkin Musulmi na ɗauki dawaki kusan hoto 40, masu kyau ba su kai biyar ba. Na je gona bakin gulbin Rima, can ma dishi-dishi. In kai wa mai gyara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Dakata da maganar mai gyara tukuna. Kyamarar da ke fitar da hoto tar a cikin ɗaki, da wuya a ce idonta ya mutu. A ɗaki fitilarta ke walƙawa, kuma walƙiyar gajera ce ƙwarai, ba ta barin rawar hannu ko motsin yaro ya fito a hoto. A waje fitilar ba ta wuce 'yan mitoci, sai kuskuren da ta saba rufe maka ya bayyana.

Abin da na fi zargi shi ne wata 'yar alama mai siffar fure. Duba fuskar kyamarar. In furen yana nan, tana kan tsarin ɗaukar abu na kusa-kusa, kamar zobe ko rubutun takarda, kuma a kyamarori da yawa duk abin da ya yi nisa ba zai fito ba. Maɓallin yana inda babban yatsa ke sauka, mutum yakan danna bai sani ba. Kashe shi. In gona ko gulbi za ka ɗauka, zaɓi alamar dutse.

In ba furen ba ne, to hoton da kansa zai gaya maka ciwonsa. Buɗe shi a kwamfuta ka ƙara masa girma. In komai ya ja gefe guda, har da bango da itace, hannunka ne ya motsa. In ginin fada ya fito sarai amma doki ya zama kamar hayaƙi, dokin ne ya fi kyamarar sauri. In kuwa jama'ar da ke baya sun fito rangaɗau, mahayin da kake nufi bai fito ba, saiti ne, wato wurin da kyamarar ta zaɓa ya fito tar, ya sauka inda ba ka so.

Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, domin maganinsa kyauta ne amma mutane ba su san shi ba. Maɓallin ɗauka hawa biyu gare shi. Ka danna rabi ka tsaya, sai ka ji ɗan ƙara ko ka ga ɗan akwatin da ke tsakiyar fuskar kyamarar ya koma kore, sannan ka ƙarasa dannawa a hankali. Mai danna shi gaba ɗaya da ƙarfi, kamar yana kashe sauro, ya yi ɓarna biyu: ya ture kyamarar, kuma mai yiwuwa ba ta gama saiti ba.

Sai batun dawaki. Cikin kyamara akwai marufi da ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido. Mutumin da ke tsaye, 1/60 na daƙiƙa ya ishe shi. Dokin da ke sukuwa kuwa yana buƙatar 1/500, in an samu 1/1000 ya fi. Nemi alamar mutum mai gudu, ita ke sa marufin sauri, ko ka ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamarar ke jin haske, zuwa 400, musamman in rana ta yi sanyi bayan la'asar. Kada ka wuce haka sosai, ƙananan kyamarori sukan cika hoto da tsaki-tsaki. Na kuma tabbata cinkoso ya sa ka tsaya nesa ka jawo hoton da zum. Zum yana jawo doki, yana kuma ninka rawar hannu, sannan hasken da ke shiga yana raguwa. Riƙe da hannu biyu, manne gwiwar hannu a ƙirji, in akwai bango ka jingina. Tabbatar alamar hannu mai karkarwa tana kunne, ita ce mai rage girgiza. Zum na dijital kuwa ka kashe shi daga yau, yanko tsakiyar hoto kawai yake ya miƙe shi.

Mu a nan muna da ƙarin abin da littafin kyamara bai cika ambata ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ke cika sama, abin da ido bai gani da kyau ba kyamara ma ba za ta gani ba. A Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tashi daga ƙasa takan yi kawalwalniya, abu mai nisa ya riƙa rawa. Wannan ba na gyara ba ne, ka matsa kusa, ko ka ɗauka da sassafe.

Ƙurar ba ta tsaya a sama ba, tana kwanciya a kan gilashin gaba tare da maiƙon yatsa, rana na dukansa sai hoton ya yi fari kamar an shafa masa toka. Don Allah kada ka goge da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, kana gogawa kana kankare gilashin, kuma wannan tabon ba ya fita. Fara hure ta da ɗan famfon roba mai hura iska, sannan ka bi da ƙyallen goge tabarau mai tsabta. Ka riƙa sa ta a jakarta, domin yashin da ya shiga wuyan zum, wato bututun gaba mai fita da komawa, shi ne ajalin irin waɗannan kyamarori.

Bayan duk wannan, yi gwaji ɗaya. Ɗora ta a kan katanga da hantsi, nufi wani rubutu mai nisan taku goma, sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 don ta ɗauka da kanta, ka ɗauke hannunka. In hoton ya fito tar, lafiyarta lau. In bai fito ba, ko gefe ɗaya kullum ke dishewa, ko wuyan yana gurnani in zai fito, to lokacin mai gyara ya yi.

Tambaya: Malam, ina sayar da jakunkunan fata da takalma a Runjin Sambo. A tsakar gida nake ɗaukar kayan, a kwamfuta suna kyau, amma in na tura wa masu saye ta WhatsApp sai ɗinkin ya ɓace.

Amsa: Hajiya, kyamararki ba ta da laifi. WhatsApp yana matse hoto don ya yi saurin tafiya, ƙananan abubuwa irin zaren ɗinki su ke fara tafiya. Ki tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda kika ɗauke shi, sai dai ya fi cin data. Ki duba kuma girman hoton cikin kyamarar yana kan mafi girma. Ki daina ajiye kayan a tsakiyar rana, ki kai su inuwar bango mai haske, jar fatar za ta fi nuna launinta. Ke kam alamar furen nan taki ce, ki kunna ta in za ki ɗauki ɗinkin daga kusa.