Fatawa: Hukuncin zuƙe jini daga gaban namiji idan ya ƙi kwanciya

Tambaya: Allah gafarta Malam, daga Mabera a Sakkwato nake rubutowa. Ƙanena mai ciwon sikila ya farka cikin dare gabansa a miƙe, ba sha'awa ba komai, sai azabar ciwo. Kunya ta hana shi magana har gari ya waye. Da muka kai shi asibiti, likita ya sa allura ya zuƙe jinin. Yanzu wasu a gida suna cewa an tona masa al'aura a banza, da rubutu aka ba shi da ya wadatar. Abin da aka yi ya halatta? Kuma wankan janaba ya hau kansa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, abin da kuka yi ya halatta, kai, wajibi ne ma a irin wannan hali.

Sai an san yadda abu yake kafin a yanke masa hukunci. A cikin azzakari akwai tsoka biyu dogaye, gefe da gefe, masu ramuka kamar soso, da ta uku a ƙasa wadda hanyar fitsari ke ratsawa. Idan jijiyoyi suka buɗe, jini ya cika biyun nan, sai su kumbura su danne hanyoyin da jinin ke komawa. Wannan ita ce miƙewa. Ga mai sikila, ƙwayoyin jininsa da suka lanƙwashe kan toshe mafitar gaba ɗaya. Jinin ya tsaya wuri ɗaya, iskar da ke cikinsa ta ƙare, ya yi baƙi, tsokar ta fara mutuwa. Likitoci sun ce idan aka wuce awa 4 a garzaya asibiti. Wanda ya kwana ya wuni a haka yana iya rasa ƙarfin mazakutarsa har abada.

Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa: babu cuta, babu cutarwa. A hadisin Usamatu bin Sharik kuma, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Malamai ba su yi saɓani ba cewa likita na iya duba al'aura da taɓa ta gwargwadon larura. A nemi likita namiji. In mace kaɗai aka tarar, ta yi aikin, kada a zauna jira. Aikin kansa bayyananne ne: a kashe zafin wurin, a soka allura ta gefe, a janye jinin da ya daskare, a wanke da ruwan gishiri na asibiti, a sa maganin da ke tsuke jijiyoyi. Idan ya ƙi, sai tiyata.

Babu wankan janaba a kansa, domin jini ne ya fita ta hudar allura, ba maniyyi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya wannan jinin ba ya warware alwala, wanke shi kawai za a yi daga jiki da tufa. Amma in an sa shi barci har hankalinsa ya gushe, ya sake alwala. Da azumi yake yi ma, zuƙe jinin ba ya karya shi.

Abin da ya fi damuna shi ne awannin da kunya ta cinye. Addu'a alheri ce, ku yi ta a hanyar zuwa asibiti. Amma bai halatta a tsare mara lafiya a ɗaki ana jiran rubutu ya yi aiki ba, balle a kira wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin. Masu sayen maganin ƙarfin maza a bakin kasuwa su ma su ji, shi ma yana jawo wannan. Ciwon kan dawo wa masu sikila, don haka ku kai ƙanenka ga likitocin mafitsara na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ci gaba da duba shi, ka kuma gaya masa, kai da kake yayansa, cewa ko da ƙarfe 2 na dare ne ya tashe ka.

Wallahu a'alam.