Ɗalibaina sun haddace awon jini a takarda, amma a asibiti hannunsu na rawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a sashen koyar da aikin jinya na wata jami'a a Arewa. Bana aka ba ni darasin duba lafiyar majiyyaci da na wayar da kan jama'a kan kiwon lafiya, na 'yan aji biyu. Ɗaliban sun haura 100, na'urorin awon jinin da ke aiki kuma 4 ne kacal. A rubuce suna cin jarrabawa sosai, amma da na kai su asibiti sai na ga wanda ya fi kowa maki ya kasa ɗaura na'urar daidai, wata kuma ta tsaya gaban mata masu awo tana zuba musu Turanci. Ta ina zan fara gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, duk wanda ya koyar da wannan darasi ya ga irin abin da kika gani. Ɗaliban ba daƙiƙai ba ne. Abin da aka jarraba su a kai shi suka koya, kuma rubutu aka jarraba. A 1990 wani likita ɗan Amurka, George Miller, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa 4: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna a gabanka, sannan ya yi a bakin aiki. Lacca da takardun karatu hawa 2 na ƙasa kawai suke kaiwa. Sauran biyun sai an sa hannu, kuma sai da idon malami a kai.

Ki fara da rage kaya. Manhaja za ta ce a koyar da duba jiki tun daga kai har tafin ƙafa, amma a zango ɗaya da ɗalibai 100 gara ki zaɓi abubuwa kaɗan da ba za ki bari kowa ya wuce bai iya ba: awon jini, bugun jijiya, ƙidayar numfashi, zafin jiki, duba ƙarancin jini, awon damtsen yaro, da ɗaukar tarihin ciwo. Sauran su biyo baya.

Bari in daɗe a kan awon jini, domin a nan ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace. Majiyyaci ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba, hannunsa a kan tebur daidai saitin zuciya. Maɗaurin ya dace da kaurin damtse. Idan ya yi wa mai jiki kaɗan, awon zai fito sama da gaskiya, a ce wa baiwar Allah tana da hawan jini alhali maɗauri ne bai ishe ta ba. Ɗalibi ya fara lalubo bugun jijiya a wuyan hannu, ya hura iska a maɗaurin har bugun ya ɓace, ya ƙara 20 zuwa 30 a kai, sannan ya saki iskar a hankali, maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa, yana sauraron sautin bugun jini da likitan Rasha Korotkoff ya bayyana a 1905. Yawancinsu a sakin iska suke faɗuwa. Tsoro ke sa su kwance marfin gaba ɗaya, allura ta zube ƙasa, sai su ƙirƙiro lamba. Na taɓa karɓar littafin wani ɗalibi bayan kwana 3 a ɗakin marasa lafiya, na tarar mutum 9 a jere duk 120/80. Ban yi masa faɗa a gaban mutane ba. Na sa ya auna ni, muna saurare tare, sai ya ce, "Wallahi ban taɓa jin sautin ba, kunya nake ji in faɗa." Ashe kunnuwan na'urar sauraron ƙirji a juye yake sa su. Tun daga ranar, duk littafin da na ga lambobinsa suna ƙarewa da sifili kaɗai, sai na kira mai shi.

Wajen nunawa, tsarin matakai 4 na likitan tiyata Rodney Peyton ya fi yi mini aiki. Ki yi abin sau ɗaya shiru, da saurin da ake yin sa a asibiti. Ki sake yi a hankali kina bayani. A karo na uku ɗalibi ne zai riƙa faɗa miki abin da za ki yi, ke kuma ki yi daidai abin da ya faɗa, ko da kuskure ne, domin ajin ya ga inda aka tsallake. Sai na huɗu ya yi da hannunsa. Wannan karo na uku shi malamai suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi tona asiri.

Maganar na'ura 4 kuwa, da babu gara ba daɗi. Ki raba su rukuni-rukuni, uku-uku: mai awo, wanda ake aunawa, da mai riƙe da takardar matakai yana sa alama. Ba kowa ke buƙatar na'ura a lokaci ɗaya ba. Wasu na awon jini, wasu na ƙidayar numfashi da agogon waya, wasu na gwajin ɗaukar tarihi, bayan minti 20 a juya. Ki nemo 'yan ajin ƙarshe guda 5 ko 6 da kika yarda da hannunsu su taya ki sa ido. Mata su gwada da mata, maza da maza, kada kuma a tilasta wa kowa buɗe jikinsa. Wanda aka nemi izininsa a aji shi ne zai tuna ya nemi izinin majiyyaci.

Ki kuma koya musu da jikin mutanenmu. Hotunan littattafan da muke amfani da su yawanci na farar fata ne. A baƙar fata ƙarancin jini a cikin fatar ido da tafin hannu da harshe ake neman sa, ciwon shawara kuma a farin ido. Tef ɗin awon damtse ba shi da tsada, kowane ɗalibi ya mallaki nasa: ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, tamowa matsakaiciya. A danna bayan ƙafafu biyu na daƙiƙa 3 a ga ko rami zai zauna, alamar kumburin tamowa. Numfashi a ƙirga minti ɗaya cur, yaro yana natse: 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5, wannan shi ne saurin numfashin da ke sa a yi zargin ciwon huhu.

Sai ɗalibarki mai Turanci. Ba laifinta ba ne, da Turanci muka koya mata, majiyyaci kuma da Hausa zai yi kukansa. Ki ware awa guda a mako a yi tarihin ciwo da Hausa zalla, har waɗanda ba Hausawa ba. Idan mace ta ce "sanyi ke damuna", ko dattijo ya ce "basir ne", ba a gama komai ba, yanzu aka fara. Basir a bakin mutanenmu yana iya zama tsiro, ko zubar jini, ko taurin bayan gida, ko ciwon baya, ko raunin mazakuta da kunya ta hana a ambata. Ɗalibi ya saba da cewa, "Baba, yaya yake yi maka?" ya yi shiru ya jira. Ya kuma tambayi abin da aka sha a gida, na kemis da na gargajiya, ba tare da ya yamutsa fuska ba. Da zarar ya yamutsa, an daina faɗa masa gaskiya.

A nan ne duba lafiya da wayar da kai suke haɗuwa, shi ya sa ba na son a koyar da su kamar darasi biyu da ba su san juna ba. Yarjejeniyar Ottawa ta 1986, wadda aka cimma a taron lafiya na duniya a Kanada, ta fassara inganta lafiya da ba mutane ikon riƙe ragamar lafiyarsu da kansu. Mu kuwa mun mayar da ita tsayawa gaban benci ana wa'azi. Uwar da ta kawo yaro mai gudawa tana cewa haƙori ne, ba laccar ƙwayoyin cuta take buƙata ba. A nuna mata yadda ake dama ruwan gishiri da sukari na fakiti a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da kwano ko gorar da take da ita a gida, a gaya mata maganin zinc da ake ba yaron na kwana 10 zuwa 14 ne ko da gudawar ta tsaya, kuma kada a daina ba shi nono. Sannan ɗaliba ta ce, "Mama, idan kin koma gida kakarsa ta tambaye ki, me za ki ce mata?" Abin da uwar ta maimaita shi ne abin da aka koyar. Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, kowa "e" zai ce don girmamawa. Ki lura kuma da na ambaci kaka. Sau da yawa ba wadda ta zo asibitin ce mai yanke hukunci ba, maigida ne ko uwar miji. Wanda ya ga yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, da irin zaman da aka yi da sarakuna da malamai kafin jama'a su sake sakin jiki, ya san saƙo na gaskiya ma yana buƙatar bakin da aka yarda da shi. Saboda haka ki fitar da ɗaliban unguwa. Jami'ar Ilorin ta daɗe tana tura ɗaliban likitanci su zauna a ƙauyuka a shirinta na COBES. Ko ba ki da kuɗin mota, akwai makarantar Islamiyyar matan aure ko tashar mota kusa da ku. A fara gaida mai unguwa, a tanadi inda za a tura wanda aka samu jininsa ya kai 140/90 ko ya wuce, a kuma ja wa ɗalibai kunne cewa awo ɗaya ba ya isa a ce wa mutum yana da hawan jini.

Duk wannan zai rushe idan jarrabawar ƙarshe ta alƙalami ce kaɗai. Ki nemi sashe ya ware maki masu kauri ga jarrabawar tasha-tasha da ake kira OSCE, inda ɗalibi ke zagayawa yana yin aiki ɗaya a aikace a kowace tasha, wadda Ronald Harden da abokan aikinsa suka fito da ita a Dundee ta Sikotilan a 1975. Tasha 5 ta minti 5 kowace sun isa a fara. Ɗaya daga ciki ta zama wata ɗaliba ko ma'aikaciya ta zauna da 'yar tsana a goye, ta ce yaronta na gudawa tun jiya, ba ta jin Turanci. Ki raba musu takardar makin tun makon farko na zango, har da makin sallama, wanke hannu da neman izini. Za ki ga suna gwadawa a ɗakin kwanansu ba tare da kin sa su ba, kuma na'urorin nan 4 sai kin buɗe rajistar aro.