Tambayoyin Masu Karatu: Liƙa Tambarin Cika Shekara a Jikin Motar Tsere

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukansu a kan tambari da bajon da masu motocin tsere na kan titi ke liƙa wa motocinsu suke, musamman irin waɗanda kamfanoni ke fitarwa idan wata ƙirar mota ta cika shekaru masu yawa a kasuwa.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum. Na sayi Chevrolet Corvette ƙirar 2003, baƙa, daga hannun wani dillali da ya ce mini tana cikin motocin da kamfanin ya ƙera don bikin cikar Corvette shekara 50, har ya nuna mini tambari mai ɗauke da lamba 50 a hancinta da bayanta. Daga baya na ga hoton wata irinta tana da ƙarin bajo a gefen madgad, tawa kuwa babu. Ina so in sayo wannan bajo in liƙa mata don ta cika. Shin akwai laifi a yin haka, kuma zai ƙara mata daraja idan na tashi sayarwa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar bajo, ya kamata ka san ainihin motar da ke hannunka, domin abin da dillalin ya faɗa maka rabinsa ne gaskiya. An fara ƙera Corvette a shekarar 1953 a garin Flint na jihar Michigan a Amurka, inda aka yi guda 300 kacal, dukansu farare masu jan ciki. Da shekarar 2003 ta zo, kamfanin ya sanya tambari mai lamba 50 a gaba da bayan kowace Corvette da ya ƙera a wannan shekara, ko da wane irin fenti ne a jikinta. Haka ya yi a 1978, lokacin cikar shekara 25, inda kowace mota ta wannan shekara ta fito da tambarin bikin. Saboda haka tambarin da ke hancin motarka na gaskiya ne, daga masana'anta ya zo, amma abin da yake shaidawa shi ne shekarar da aka ƙera ta, ba wani abu fiye da haka ba.

Motar bikin ta musamman daban take. Launi ɗaya tak aka yi mata, wani ja mai duhu da kamfanin ya kira Anniversary Red, cikinta ruwan toka mai sirkin ƙasa-ƙasa, ƙafafunta ruwan zinariya mai haske, an yi wa kujerunta da shimfiɗar ƙafa surfanin tambarin bikin, sannan an haɗa ta da wasu shokazoba masu ruwan maganaɗisu da ke sauya taurinsu gwargwadon yanayin hanya. Bajon gefen madgad da ka gani a hoto yana cikin wannan kunshi ne. Daga cikin Corvette 35,469 da aka ƙera a wannan shekara, 11,632 ne suka fito da shi, wato kusan ɗaya bisa uku. Tunda taka baƙa ce, to ko dai ba ta cikinsu tun asali, wanda shi ne ya fi kusa da gaskiya, ko kuma wani ya sake mata fenti, abin da za ka iya ganewa ta duban launin kujeru da na cikin but da ƙarƙashin bonet.

Hanyar tabbatarwa ba ta da wuya. A wancan lokaci kamfanin General Motors, mamallakin Chevrolet, yakan liƙa wa motocinsa wata farar takarda mai jerin lambobi masu haruffa uku-uku, galibi a cikin akwatin gaban fasinja ko a ma'ajiyar bayan mota, kowace lamba tana nuna wani abu da aka saka wa motar a masana'anta. Lambar kunshin bikin shekara 50 ita ce 1SC. Idan tana kan takardar, kuma lambar shasi mai haruffa 17 da ke kanta ta yi daidai da wadda ke ƙasan gilashin gaba, to motarka ta bikin ce. Idan babu, ba ita ba ce, ko da an lulluɓe ta da bajo daga gaba har baya. Gidan tarihin Corvette da ke Bowling Green a jihar Kentucky, garin da ake harhaɗa motar tun 1981, yana ba mai mota kwafin takardar ƙirar motarsa idan ya aika da lambar shasi.

Yanzu ga tambayarka ta ko akwai laifi. Mota taka ce, kuma ban ga aibu ba idan mutum ya ƙawata abin hawansa da tambarin da yake sha'awa, muddin a ransa da bakinsa bai mai da shi shaidar abin da ba haka yake ba. Masu son motoci da yawa sukan mai da motarsu ta gama-gari ta yi kama da wata fitacciyar ƙira don ƙaunar da suke yi mata, kuma sukan faɗa a fili cewa kwaikwayo ne. Inda matsalar take shi ne ranar sayarwa. Idan ka bar mai saye ya tafi da zaton cewa motar bikin ce, ko da ba ka furta ba, bajon ya yi maganar a madadinka, kuma ka karɓi kuɗin abin da ba ka ba shi ba. Wannan yaudara ce a ciniki, kuma tana iya kai mutum gaban alƙali. Ka duba yadda kai kanka ka ji da ka fara zargin maganar dillalin nan, sannan ka auna.

Game da daraja kuwa, amsar ita ce a'a. Wanda bai san Corvette ba, ba zai biya ƙari don bajon da bai fahimci ma'anarsa ba, wanda ya san ta kuwa kallo ɗaya zai yi wa baƙin fenti da bajon madgad ya gane ba su dace da juna ba, daga nan sai ya fara tambayar me kuma aka taɓa, me aka ɓoye. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a harkar motocin da ake tarawa ya fi ƙurewa, domin an rubuta adadin kowace ƙira da launinta da lambarta. Mota baƙa ƙirar 2003 mai lafiyayyen inji da cikakkun takardun gyara ta fi sauƙin sayarwa a yadda ta fito.

Akwai kuma iyaka ɗaya da nake ganin bai kamata a tsallake ba ko da don ado ne, ita ce bajo mai lambar jeri. Kamfanoni da dama sukan ƙayyade adadin motocin biki. Porsche ta ƙera 911 guda 1,963 a 2013 don tuna shekarar 1963 da aka fara nuna motar a Frankfurt, Ford ta yi Mustang guda 1,964 na cikar shekara 50 don tuna fitowarta a 1964, Mazda kuma ta yi MX-5 guda 3,000 masu ruwan lemo a 2019 don cikar shekara 30, kowace da bajon da ke ɗauke da lambarta. Wanda ya buga irin wannan bajo ya liƙa wa motarsa ya ɗauki lambar da take mallakar wata mota ce da ke hannun wani mutum a wani wuri, ya kuma jefa shakka a kan motar mai gaskiya. Idan ka yanke shawarar liƙa bajon madgad, ka ajiye rasidinsa tare da takardun motar, ka rubuta cewa ƙari ne da ka yi, ka kuma gaya wa duk wanda ya zo saye tun kafin a fara ciniki.

Tambaya ta biyu

Ina da Mazda MX-5, ina so in cire tsohon tambarin bayanta da ya dusashe in sa sabo. Wani fanalbita ya ce da sukundireba zai ɓamɓare shi, sabon kuma ya sa masa gam mai kama nan take. Zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Mece ce hanyar da ta dace?

Amsa

Zuciyarka ta gaya maka gaskiya, ɗan'uwa, kada ka bari ƙarfe ya taɓa fentin. Yawancin tambarin motocin zamani da salatif mai fuska biyu aka kama su, wasu kuma suna da ƙananan ƙafafu na roba da ke shiga ramuka a jikin motar, don haka abu na farko shi ne ka duba bayan sabon tambarin, ko ka leƙa ta cikin murfin but, ka san wanne ne naka. Kafin ka cire komai, ka zagaye tsohon da salatif ɗin masu fenti ta sama da ta gefe, domin shi ne zai nuna maka inda sabon zai zauna, kuma ido kaɗai ba ya isa. Tambarin da ya karkace da ɗan kaɗan yakan dami mai mota duk lokacin da ya zagayo bayanta.

Ka ɗumama wurin da na'urar busar da gashi har ya yi zafin da hannu zai iya jurewa, ba fiye da haka ba, domin wuta mai yawa tana ƙona fenti tana kuma lanƙwasa bamba. Sai ka zura zaren kamun kifi ta bayan tambarin, ka riƙa ja hagu da dama a hankali har ya yanke salatif ɗin. Idan zaren ya tsaya cak a wani wuri, ƙafa ce ka ci karo da ita, kada ka fizga, ka zagaye ta ta ɗaya gefen. Ragowar gam ɗin da ya saura ana murza shi da babban yatsa yana naɗewa kamar zare, abin da ya ƙi fita kuma a sa masa maganin cire gam da aka yi don fentin mota, ba tina ba. Sau da yawa za ka tarar da inuwar tsohon tambarin a jiki, saboda fentin da ke ƙarƙashinsa bai sha rana ba. Ɗan folish yakan rage ta, amma a motar da ta daɗe ba ta ɓacewa gaba ɗaya, shi ya sa ya fi kyau sabon ya zama girmansu ɗaya da tsohon.

Wajen liƙawa, tsabta ce ke yin aikin. A goge wurin da sifirit irin wanda ake kira isopropyl don ya cire maiƙo da ragowar folish, a bar shi ya bushe, kada kuma yatsa ya sake taɓa shi. Salatif ɗin ya fi kamawa a yanayi mai ɗumi, kamfanin 3M da ke yin irinsa ya ce tsakanin digiri 21 zuwa 38 a ma'aunin Salsiyas ne ya fi dacewa, kuma ƙarfin kamun yana kaiwa kusan kashi 90 cikin ɗari bayan awa 24, ya cika bayan awa 72. Ka danna tambarin da tafin hannu sosai, ka kuma haƙura da wanke motar har kwana uku su wuce. Idan an yi wa wurin sabon fenti, ka tambayi mai fentin tsawon makonnin da za ka jira kafin ka liƙa komai a kai.

Gam mai kama nan take yana bushewa ya yi tauri, alhali jikin mota yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, sai ya tsage ko ya taso da fentin, yana kuma barin farin tabo a gefe. Huda sabon rami ma abin gudu ne, domin a jikin ƙarfe ƙofar tsatsa ce, a jikin faiba irin na Corvette kuma yakan jawo tsagewa.

Tambaya ta uku

Ni mace ce mai sha'awar motoci. Na ga ana tallan tambari baƙi mai sheƙi a intanet, ina so in musanya na gaban sabuwar motata da shi. Yaya zan bambance na ainihi da jabu?

Amsa

Malama, na ainihi yakan zo da lambar kaya ta kamfanin a bayansa ko a jikin ledarsa, kuma za ki iya ba dilan kamfanin wannan lamba ya tabbatar miki. Gefunansa a goge suke, haruffansa daidai wa daida, jabu kuwa za ki ga layin da roba ta malalo a gefe, ƙyallinsa yakan fara ɓarewa bayan ya sha rana da ruwa, salatif ɗinsa kuma siriri ne. Sanin tarihin motar ma yana taimakawa. Alal misali, ba a sayar da Corvette ƙirar 1983 ba sam, guda ɗaya ce ta rage daga cikin na gwaji tana gidan tarihi, don haka duk bajon da ke da'awar bikin shekara 30 na wannan shekara ba daga masana'anta ya fito ba.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kalmar sabuwa da kuma tambarin gaba. A motoci da yawa na yanzu, bayan wannan tambari ne ake ɓoye na'urar rada da ke auna tazara tsakaninki da motar da ke gabanki, wadda ke sa motar ta taka birki da kanta idan ta hangi karo. An yi tambarin da wata roba ta musamman da igiyar rada ke ratsawa, shi ya sa za ki ga fuskarsa a shafe take kamar gilashi. Idan kika sa na ƙarfe, ko kika fesa masa fenti mai ƙarfe a ciki, na'urar tana iya makancewa ko ta riƙa auna tazarar ba daidai ba. Ki duba littafin motar ki ga inda radar take. Idan a bayan tambarin take, ki nemi baƙin da kamfanin da kansa ya yi wa wannan ƙira, a kuma sake saita na'urar a garejin da ke da kayan aikin bayan an ɗaura shi.